Dodon Aro da Dodon Gida

Duk ƙarshen watan Oktoba, makonni kaɗan bayan an koma lakwal, wata magana takan shigo hirar yaranmu wadda shekara goma da suka wuce ba mu san da ita ba a Tawa. Maganar Halowin ce, bikin nan na Turawa da yara ke yin shigar ban tsoro, a shafe fuska, a yi wa ɗaki ado da ƙoƙon kan mutum da saƙar gizo-gizo da kabewa mai idanu. Ba na cewa abin ya game gari. Gidajen da suka taɓa shirya shi ba su da yawa, kuma akasari na ma'aikata ne da manyan ƴan kasuwa. Amma haka bikin ranar haihuwa ya faro, a gida biyu ko uku, yau ga shi har cikin lunguna ana yanka kek ana hure kyandir. Hanyar da abin ke biyowa kuwa ba ɓoyayya ba ce. Adar ƙasar ƴan bida ce, da wuya ka sami gidan da ba shi da wani a Abijan ko Kwatano ko Yamai. A can wasu makarantun kuɗi na yin bikin, a ɗauki hoto a turo ta WhatsApp, yaron nan ya ga ɗan kawunsa da haƙoran roba da baƙin mayafi, sai ya juyo ya dubi uwarsa. Sauran aikin kuma TikTok ya ƙarasa shi.

Iyaye sun rabu biyu. Wasu na cewa wasa ne kawai, a bar yara su sake. Wasu na cewa al'adar wasu ce, ko sunanta kada a ambata a gidan Musulmi. Ni da na haura shekara ashirin ina tsaye gaban allo tun fitowata daga makarantar horon malamai ta nan Tawa, ina ganin duka ɓangarorin sun tsallake tambayar da ta fi muhimmanci, wato me yaron yake nema a ciki? Abin da yake nema shi ne ya ji tsoro a wurin da ya tabbata babu abin da zai same shi. Wannan buƙata ce ta gaske, kuma mu Hausawa mun daɗe da sanin yadda ake biyan ta. Saboda haka kirana ga duk uwa ko uban da ke son tara yara a gida don daren ban tsoro shi ne ya tara su, amma da dodon gida, bisa ƙa'idar da kakanninmu suka bi. Kabari da jini da likkafani a bar wa masu su.

Ya kamata mu san abin da ake so mu ara tukuna. Ana yin Halowin daren 31 ga Oktoba, jajiberin ranar da Kiristocin Katolika ke tunawa da waliyyansu. Masana tarihi da yawa na danganta shi da wani tsohon bikin ƙarshen kaka na mutanen Ailan da Sikotlan, waɗanda suka ɗauka cewa a wannan dare matattu da iskoki na samun hanyar shigowa cikin masu rai. Yunwar da ta afka wa Ailan daga 1845 ta kori mutane fiye da miliyan ɗaya zuwa ƙetare, akasarinsu Amurka, suka tafi da al'adarsu, a can ne kuma kabewa ta shiga cikin bikin. Daga baya kasuwa ta karɓe shi. A 2023 ƙungiyar masu shaguna ta Amurka ta ƙiyasta cewa za a kashe sama da dala miliyar 12 a kan alewa da tufafi da kayan adon wannan dare ɗaya, kuma dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Faransa ma ba gadonta ba ne. Ƴan kasuwa ne suka tallata shi can a ƙarshen shekarun 1990, ya yi tashe na ƴan shekaru, sannan ya lafa. Ke nan abin da ke iso mana aron aro ne.

Son jin tsoro kuwa ba aro ba ne. Duk wanda ya taɓa cilla jinjiri sama ya cafe shi ya ga yadda idonsa ke firfitowa, sannan ya ƙyalƙyale da dariya yana miƙo hannu a sake. Ku tsaya bakin filin lakwal lokacin shan iska, za ku ga ƴan CE1 na zuga juna a je bakin kangon da ake cewa akwai wani abu ciki, a jefa dutse a sheƙo da gudu, gobe ma a koma. Wasu masu bincike na jami'ar Aarhus da ke ƙasar Danmak sun auna wannan a wani aiki da suka fitar a 2020. Sun ɗaura wa mutum 110 na'urar auna bugun zuciya a wani gidan wasan ban tsoro, suka tarar jin daɗi ya fi yawa a tsaka-tsaki: in tsoron ya yi kaɗan abin ya zama lami, in ya yi yawa daɗin ya gudu ya bar firgita tsagwaronta. Gishiri ne a miya. Tsofaffinmu ba su da na'ura, amma wannan awon sun iya shi.

Ku tuna yadda ake gatana a gidajenmu. Ba a yin ta da rana, har ana ce mana wanda ya yi tatsuniya da rana zai ɓata. Sai an ci tuwon dare an shimfiɗa tabarma, yaran gida da na maƙwabta sun kewaye tsohuwa. Ta ce ga ta nan ga ta nanku, a amsa mata ta zo mu ji ta. Daga wannan kalma kowa ya san an bar duniyar gaske an shiga wata. Kuma abin da ke cikin waccan duniyar ba sauƙi gare shi ba. Akwai mai cikin da kishiyoyi suka bari ita kaɗai a bakin rafi, ta rasa mai aza mata tulu, Dodo ya fito ya aza mata bisa alkawarin abin da za ta haifa, ya kuma dawo karɓar bashinsa ranar aure. Akwai budurwar da ta raina duk samarin garinsu ta bi kyakkyawan baƙo, sai da suka yi nisa cikin daji ta ga abin da ta aura. Akwai Dodon da ya haɗiye gari sukutum, da mutane da shanu. In da za a mai da waɗannan fim yadda suke, da yawanmu ba za mu bar yaranmu su kalla ba.

Amma mun ji su muna ƴan shekara shida da bakwai, muka yi barci lafiya. Dalili shi ne wadda ke yin muryar Dodo ita ce wadda ta ba ka fura da rana. Cinyar da za ka faɗa in tsoro ya kama ka tana nan kusa, kuma cinyar Dodon ce da kansa. Tana magana tana duban fuskoki. In ta ga ƙaramin cikinku ya fara maƙale wa zanenta sai ta sassauta, ta shigo da Gizo ya yi wata wauta da tsamin bakinsa a yi dariya, sannan ta koma. In ta ga manyan sun fara hamma sai ta ƙara wuta. Akwai waƙa a tsakiya da kowa ke amsawa, don haka ba kai kaɗai kake cikin dajin ba. Sannan Dodo ba ya cin nasara. Kusan kullum ƙarami ne ke kayar da shi, ko auta, ko marainiya, ko wani ɗan tsuntsu, a farke cikinsa mutane su fito da ransu. A ƙarshe ta ce ƙurunƙus kan kusu, har ta ƙara da cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya, da ma ƙaryar ce. Ku dubi wannan da kyau, ƴan uwana malamai. Mai ba da labarin da bakinta take sanar da yaro cewa ƙarya ta shara masa. Ta buɗe ƙofa, ta shiga da shi, ta fito da shi, ta rufe ƙofar a gabansa.

Ban ce duk abin da muka yi da Dodo daidai ne ba. Akwai Dodon razana, wanda uwa ke kira in yaro ya ƙi barci ko ya ƙi wanka, kuma wannan ba shi da ƙurunƙus, yaro kan kwana da shi. Yanzu ma an sauya masa suna. Sau nawa na ji uwa na cewa ɗan shekara huɗu, "Bari in kira Mushe ya zane ka," ko "Likita zai zo ya yi maka allura." Sai ranar shiga CI a kawo mana shi yana ta ƙara kamar za a yanka shi, a ce yaron ba ya son karatu. Mu ne aka mayar dodanni tun bai gan mu ba.

Ko shigar burtu da bin gida-gida a karɓi kyauta, wanda shi ne ƙashin bayan Halowin, muna da namu. Tashe ke nan. In azumi ya kai kwana goma yara kan manna gemun auduga, su cusa tsumma a ciki, su shafa gawayi ko farar ƙasa, su bi gidaje suna wasa ana ba su hatsi ko ƴan kuɗi. Har ƙetare wannan ya kai. A Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, akwai wasan da samari ke yi da daren azumi suna sanye da fuskokin dabbobi, sunansa Dodo, kuma Hausawa fatake ne suka kai shi can tun ƙarni na 19. Wato mu da muka fitar da Dodo zuwa ƙasar Mosi, yau mu ne ke jiran a turo mana na roba daga Sin. Sai dai shi ma tashe abin da ya riƙe shi shi ne sanayya. Matar gida na ganin tsoho mai gemun auduga ta san ɗan wance ne, daga tafiyarsa ma ta gane shi. Inda sanayya ta ƙare wasan kan lalace. A Kano, cikin ƴan shekarun nan, ƴan sanda sun sha hana tashe saboda ɓata-gari na fakewa da shi suna ƙwace da sara.

To, me ya sa nake cewa kayan Halowin ba su dace da gidajenmu ba, alhali na yarda yaro na son tsoro? Domin abin wasa a wani wuri gaskiya ce tsirara a wani wurin. Ɗauki fatalwar nan da ake yi da farin ƙyalle. Yaron da ke wata unguwa a Amurka yana iya girma bai taɓa ganin gawa ba, domin can akwai masu sana'ar ɗauke ta su shirya ta nesa da gida. Namu yaron a gidansu ake wanka, a gidansu ake suturta, a gabansa ake fita da makara, kuma sau da yawa wanda ke cikin farin ƙyallen ƙanensa ne da suka kwana tabarma ɗaya shekaranjiya. Babu ajin da na taɓa riƙewa da ba a sami irin wannan yaro ba. In ka lulluɓa farin zane ka fito masa daga bayan rumbu, likkafani ka nuna masa.

Na biyu ya fi wannan nauyi, kuma malamai sun fi kowa saninsa. Adar ƙasar bori ce tun fil azal, har wata Bafaransa mai bincike, Nicole Échard, ta yi shekaru tana nazarin iskokin Adar ta fitar da littafi a kansu a 1989. Yau masu girka sun ragu, wa'azi ya yi ƙarfi, amma tsoron aljannu bai ragu ba, suna kawai aka sake masa. Kowa ya san abin da ke faruwa a kwalejojinmu da lise-lise tun shekarun 2000: yarinya ɗaya ta yi ƙara ta faɗi cikin aji, kafin a ankara biyar sun bi ta, a tashi makaranta, a kira masu ruƙiyya. Na gani da idona a wata makarantar da na koyar, kuma sai da aka yi mako guda kafin karatu ya koma daidai, wasu iyayen ma ba su sake turo ɗiyansu ba. Adeline Masquelier, malama a jami'ar Tulane ta Amurka, ta yi rubutu a kan wannan faɗuwa ta ƴan matan makarantun Nijar. Wasu na cewa iskoki ne, wasu na cewa firgici ne mai yaɗuwa daga wannan zuwa waccan. Ba zan raba wannan gardama a nan ba, domin a abin da ya dame ni bakinsu ɗaya: in ɗaya ta fara, saura na bi. Yanzu a ce mace ta tara ƴan mata goma sha biyar a ɗaki mai duhu, ta sa wata ta saki gashi ta shafa farin gari ta fito a matsayin aljana. Dodo yaro ya san na tatsuniya ne. Aljani kuwa ya ji sunansa a bakin limami, ya ga yayarsa ta faɗi. Babu ƙurunƙus ɗin da zai rufe wannan ƙofa.

Na uku shi ne jini da makami. Tun 2017 Tiliya da Tasara ke cikin dokar ta-ɓaci. Ranar 21 ga Maris 2021 mahara bisa babura suka afka wa Intazayan da Bakorat da maƙwabtansu cikin gundumar Tiliya, gwamnati ta ce an kashe mutum 137. Iyalai da yawa sun baro arewa, wasu sun baro bakin iyakar Nijeriya ta wajen Ƙonni da Madawa, kuma ɗiyansu na zaune a bencinan da ɗiyanmu ke zaune. Ba sa ɗauke da alama a goshi. Sai ranar da salansar babur ta yi ƙara a bayan taga ka ga yaro ya shige ƙarƙashin tebur, sannan ka sani. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mutumin da ya rufe fuska, ya riƙe adda ko da ta kwali ce, ya shafa jan fenti a riga, a wurin wannan yaro ba shigar wasa ya yi ba. Kuma kada ma a yi tunanin sakin yara su bi titi da dare fuska a rufe suna buga ƙofofin mutane, a garin da kowa ke kwana da kunne ɗaya a buɗe. Ko a Amurka ɗin an yi asara ta wannan hanya: a watan Oktoba na 1992, a birnin Baton Ruj, wani ɗalibi ɗan Japan mai shekara 16 ya yi shigar biki, ya yi kuskuren gida, mai gidan ya harbe shi har lahira.

Addininmu ma ya yi magana a kan wannan gaɓa tun kafin a zo ga maganar koyi da wasu. Abu Dawuda ya ruwaito cewa a wata tafiya wani sahabi ya yi barci, wani ya ɗauke masa igiyarsa don wasa, ya farka a firgice, sai Annabi (SAW) ya hana Musulmi ya razana ɗan uwansa. Haka kuma ya hana nuna wa ɗan uwa makami. Bambancin da nake gani a nan shi ne yarda. Yaron da ya zauna gaban kakarsa ya ce ta zo mu ji ta, shi ya nemi abin da bakinsa. Wanda aka daka wa tsalle daga bayan ƙyaure ba a tambaye shi ba.

Yanzu bari in juyo ga masu cewa a hana kawai a huta. Ku yi mini haƙuri, hutun nan na ƙarya ne. Yaron da kuka hana zuwa bikin yana da daren ban tsoronsa kullum, cikin wayar yayansa ko ta uwarsa, ƙarƙashin bargo. Yana kallon finafinan matsafa da na fatalwa da aka fassara da Hausa, yana kallon bidiyon ruƙiyya inda mace ke magana da muryar namiji, yana kallon gawarwakin gaske da manya ke turawa cikin guruf-guruf ba tare da tunanin hannun da wayar za ta faɗa ba. Shi kaɗai yake, babu mai duban fuskarsa, babu mai sassautawa, kuma in wannan ya ƙare wani ne ke biyowa da kansa. Da safe mu muke karɓar sakamakon: mai gyangyaɗi tun ƙarfe tara, mai shekara goma da ya koma fitsarin kwance, wadda ba ta iya zuwa bayan gida ita kaɗai ko da rana tsaka. An ce tsoro na daji, kunya ta gida. Yau dajin ya shigo har gado, mu kuwa muna bakin ƙofa muna gadin kabewa.

Wata uwa, mijinta na Abijan, ta tare ni bakin lakwal bara ta ce, "Mushe, yaran nan sun hana ni sakat da wannan abu na Turawa, kuma babansu ya ce in yi musu abin da suke so. Ya zan yi?" Na ce, "Hajiya, ki yi musu, amma ki bari sanyi ya shigo." Abin da na faɗa mata shi zan faɗa a nan. A bar 31 ga Oktoba ta wuce, don kada yaro ya ɗauka Halowin ce aka sa wa hula. A zaɓi daren Asabar bayan an gama kai gero rumbu, ko cikin hutun Disamba, daga bayan isha'i zuwa ƙarfe tara da rabi. A tsakar gida za a yi, inda kowa ke ganin ƙofar ɗakin uwar gida. Kada a gayyaci yaro sai an yi magana da uwarsa, kuma a tambaye ta kai tsaye ko an yi musu rasuwa kwanan nan, ko akwai abin da yaron ya gani da ba ya son tunawa. Goma zuwa goma sha biyu sun isa.

Aikin yana farawa tun da rana, kuma rabin daɗin a nan yake. A ba su tsofaffin ƙore da kwali da gawayi da kaba, kowa ya ƙera fuskar da yake so, ko kura, ko zaki, ko Dodo mai baki har kunne. Yaron da ya fafe idon Dodo da hannunsa ba zai kwana yana mafarkinsa ba. Kabewa dai a bar ta ta shiga miya, ba mu kai ga wasa da abinci ba. Da dare a ɗaura zane tsakanin turaku biyu, a ajiye tocila a baya, masu fuskoki su riƙa wucewa inuwarsu na faɗowa bisa zanen, ta yi girma ta yi ƙanƙanta. Tocila na ce, ban da kyandir, ban da garwashi. Lokacin hunturu ne, ga iska, ga zana, ga karan gero jibge a kowane gida, kuma kowa ya san yadda gobara ke yi a wannan lokaci.

Sai a zaunar da mai gatana. A fara da Gizo da Ƙoƙi don ƙanana, waɗanda ba su kai shekara shida ba a sallame su da nasu rabon kafin Dodo ya fito. A shimfiɗa wata tabarma kusa da uwar gida, a faɗa tun farko cewa duk wanda ya ji ya ishe shi ya koma can, kuma wanda ya yi masa dariya shi ne zai bar wurin. Kada wani ya ɓuya ya daka wa wani tsalle. Kada a ambaci aljani ko maye ko sunan wani mamaci, kada a ce abin ya faru a wani gida ko wata rijiya da yaran suka sani. Wayoyi kuma a tara su cikin ƙwarya ɗaya, har da na manya. Wannan na ƙarshe na fi matsawa a kai, domin yaron da aka ɗauka yana kuka aka ɗora a WhatsApp, ranar Litinin duk lakwal ta gani, kuma sunan da za a laƙa masa zai bi shi har CM2. In an gama, kowane dodo ya cire fuskarsa a gaban kowa a tafa masa, a kunna fitila, a kawo gugguru da gujiya da goriba, da ɗan cuku in akwai hali. Duka-duka jika biyu ko uku sun isa. Sannan babba ya raka kowane yaro har ƙofar gidansu, kada a ce ai nan da nan ne.

Na san abin da wani zai ce: Mushe, ai Halowin ɗin ce ka ɗinka wa babbar riga. Ban yarda ba, tunda gatana da tashe sun girmi zuwan Bature ƙasar nan. Abin da zan yarda da shi shi ne cewa hoton da aka turo daga Abijan ne ya tuna mana da kayanmu, kuma wannan abin kunya ne kaɗan, amma bai kai na ci gaba da mantuwa ba. Matsalar da ta fi wannan gaskiya ita ce ta mai ba da labarin. Gidaje da yawa a birni yanzu daga uwa sai ɗiyanta, uba na bida, kaka na ƙauye wajen Barmu ko Kalfu ko Keita. Uwar kuma ita kanta talabijin ce ta rene ta, in ta fara labari sai ta kai tsakiya ta nemi ƙarshen ta rasa.

Nan ne namu aikin yake, mu malamai. Tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, kuma zai zama abin dariya mu yi ta murna da wannan a rediyo alhali ɗan CE2 bai san wace ce Ƙoƙi ba. Littattafan Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya suna nan ga mai iya samo su daga Sakkwato ko Kano, suna taimaka wa wanda ya manta. Amma na baki ya fi, domin akwai namu na Adar da ba su shiga littafin kowa ba. Ni duk shekara nakan ba ƴan ajina aikin gida guda: kowa ya je wurin tsoho ko tsohuwa ya karɓo labari ɗaya mai ban tsoro, ya zo ya ba mu ranar Juma'a. Ɗiyan Buzaye da na Fulani kan kawo nasu su juya mana da Hausa, sai ka ji dodon da ke bakin rafi a wannan gida yana bakin rijiya a wancan, yaran su yi ta gardamar na wa ya fi muni. Wanda ke da tsohuwa kusa ya neme ta tun sanyin bana bai shigo ba. Za ta fara da cewa ta manta, kuma in ku manya kuka tsaya a kanta haka za ta ci gaba da faɗa. Ku tura mata yaran, ku koma gefe.